Wayoyin Kamfani da Haƙorin Angama

Babu mai iya tuna ranar da aka laƙaba masa suna Angama, amma kowa ya san dalili. Ko me ka kawo masa, tun ba ka rufe baki ba zai bugi ƙirji ya ce, "An gama!" Fanka ta tsaya, an gama. Makulli ya ɓata, an gama. Wata rana Sakatariya ta shigo da jan ido ta ce kakarta na kwance asibiti rai a hannun Allah, ya ce mata, "An gama," sai da aka taru aka yi ta ba ta haƙuri.

Aikinsa a kamfanin 'yan tsaki shi ne kula da kujeru da makullai da ƙwayayen fitila. Amma a katin da ya buga wa kansa, ya rubuta Babban Jami'in Fasaha da Tsare-tsare. Babu wanda ya tanka, domin mai kamfanin, Hajiya, yayar matarsa ce. A gida ya ce mata Yaya, a ofis ya ce ranki ya daɗe.

Kamfanin yana da gidan ƙyanƙyasa a bayan gari. Duk ranar ƙyanƙyasa Direba zai loda tsaki a kwalaye ya kawo ofis, masu kiwo su zo kowa ya ɗauki nasa. Cinikin duk a waya ake ƙulla shi. Tsako kuwa ba ya jin "a dakata". In lokacinsa ya yi zai fasa ƙwai ya fito, ko da mai saye ko babu.

Da Hajiya ta tara ma'aikata ta ce za a koma ƙasan wani sabon bene, sai ta kawo zancen waya. Ta ce an gaya mata kamfanoni sun daina amfani da tsohon layi, sun koma kira ta intanet, don haka za ta gayyato ƙwararru su zo su haɗa.

Angama ya miƙe har kujerarsa ta kife. "Ƙwararru? Ranki ya daɗe, ina zaune a nan da raina da lafiyata za a ɗauko bare? Ai wannan cin fuska ne."

"Ka taɓa yi?" in ji Sakatariya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malama, na kalli bidiyon abin nan tun daga farko har ƙarshe. Ko tallan da ke tsakiya ban tsallake ba."

Nan ya shiga zuba. Ya ce mai kira zai ji kiɗa mai sanyi yana jira. Murya za ta ce masa ya danna ɗaya in tsakin ƙwai yake so, ya danna biyu in na nama ne. Hajiya za ta iya amsa kiran ofis ko tana cikin jirgin sama.

Direba ya ɗaga hannu. "To in aka ɗauke wuta fa?"

"Intanet a sama take, Direba. Ina ruwanta da wuta? Kai dai riƙe sitiyarinka."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. "Ni abu ɗaya na sani. Lambar nan da masu kiwo suka haddace, kar ta mutu ko na yini guda."

"An gama!"

A yi masa adalci, ya yi wani abu daidai: ya sa an mayar da lambar kamfanin kan intanet, ya kuma sayo sababbin wayoyi baƙaƙe masu ɗan allo a goshi, waɗanda ba sa buƙatar igiyar layi. Ranar tashi ya tara masu ɗaukar kaya, ya ɗauko almakashi, ya datse igiyoyin tsofaffin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana cewa a shaida an binne zamanin jahiliyya. Gawarwakin kuma ya ba mai sayen tsofaffin ƙarafa kyauta.

A sabon ofis ya jera wayoyin a kan tebura, ya jona su da wuta, ya ja da baya ya harɗe hannu. Allunan suka kawo haske gaba ɗaya, kowanne da jan rubutu iri ɗaya: babu hanya. Ya girgiza ɗaya. Ya hura wa ɗaya iska. Ya kashe ya kunna. Babu hanya.

Ya zaro wayarsa ta aljihu don ya kira wanda ya sayar masa, sai ya tarar ginin nan ko ɗigon sabis ba ya shiga cikinsa. Sai da ya fita bakin titi.

"Wane intanet kuka sa a ofishin?" in ji mai sayarwa.

"Ba a ciki yake zuwa ba?"

"A cikin me?"

"A cikin wayar mana. Ba wayar intanet kuka ce ba?"

Sai ya ji mutumin ya kira wani ya ce, "Zo ka ji, don Allah zo ka ji." Angama ya katse.

Ya kira masu ja wa mutane intanet. Suka ce titin nan sai an haƙa, haƙar sai da izini, izinin kuma akwai layi. In an yi sa'a, wani watan.

Ya koma ciki ya tarar da Hajiya riƙe da kan waya a kunne tana ta "alo, alo".

"Ranki ya daɗe, sabawa suke da ɗakin," ya ce. "Kamar tsaki ne. In aka sauya musu wuri sai sun ɗan yi shiru."

Dabara ta farko da ta zo masa ita ce ya ba su intanet ɗin wayarsa ta aljihu. Tunda sabis a waje yake, sai ya ɗauko mofa, wato sandar goge ƙasa, ya ɗaure wayar da zaren kan mofar tamau, ya zura sandar ta tagar banɗaki har ta leƙa titi. Abin mamaki, waya ta yi ƙara a teburin Sakatariya. Angama ya zaga ofis yana gyara wuyan riga.

"Kun ji ko? Sun saba."

Hajiya ta karɓi kiran da kanta, domin Baba Mai Kiwo ne, babban mai sayensu, dattijon da ba ya son wasa. Tana cikin ce masa, "Baba, ai mun tashi, yanzu muna nan kusa da..." sai Mai Shara ta shiga banɗaki neman mofarta. Ta gan ta a taga, ta yi tsaki, ta fizgo ta, ta tsoma a bokitin ruwan sabulu, ta matse da ƙarfinta.

"Wane ɗan iska ne ya ɗaura mini dutse a mofa?" ta fito tana tambaya.

Angama ya karɓi wayarsa tana ɗigar kumfa. "Ba komai, Inna. Da ma lokacin wanke ta ya yi."

Ya zauna gaban ɗaya daga cikin baƙaƙen wayoyin yana ta danne-danne. Can sai allon ya nuno masa sunayen waifan da ke kusa, wato intanet ɗin maƙwabta marar igiya. Guda ɗaya ne mai ƙarfi: Asibitin Haƙori. Ya ɗaga kai ya dubi silin. Daga sama yana jin wata 'yar ƙara zuuu, irin ta injin da ake huda haƙori da shi.

Duk duniya babu abin da Angama yake tsoro kamar likitan haƙori. Yana da wani turmin haƙori a can ƙarshen muƙamuƙi da ya daɗe da ruɓewa, ya gwammace ya riƙa tauna da gefe ɗaya da a taɓa masa shi. Amma ya hau.

Lambar sirrin tana manne a bangon ɗakin jira, ɓaro-ɓaro. Ya tsaya gabanta yana motsa leɓe.

"Malam, wurin nan na marasa lafiya ne," in ji Nas, wata doguwar mace mai fuskar da ba ta karɓar uzuri. "Me ke damunka?"

"Ni? Dubawa kawai. Mutum mai matsayi ya kamata ya riƙa dubawa."

Kafin ya ankara yana kwance a kujera, fitila a fuskarsa. Likita, wani ɗan gajere mai sanyin murya, ya leƙa bakin ya ce, "Kai! Wannan na ƙarshen ai sai cirewa."

"Wani lokaci, Likita. Yau gaisuwa ce tsakanin maƙwabta."

Ya sauko ya zuba lambar a wayoyin. Suka farfaɗo. Sai dai waifan ba ya saukowa har kan tebur, a kusa da silin yake tsayawa. Don haka Angama ya kwashe wayoyin ya ɗora su a saman kabad-kabad. Duk wanda zai amsa kira sai ya taka kujera.

"Haka aka yi a bidiyon?" in ji Sakatariya daga can sama, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗaya dafe da bango.

"Sabon salo ne. Yana maganin ciwon baya."

"To ni ya kawo mini na ƙafa."

Murya kuma ba ta zuwa cikakkiya. In masu jira a sama suka buɗe bidiyo, maganar mai kira sai ta riƙa zuwa gutsure-gutsure, kamar ana yanka ta da wuƙa. Baba Mai Kiwo ya sake kira.

"Ina kuka koma ne?"

"Baba, mun koma ... bayan ... in ka wuce ... sai ka ga ... ka gane?"

"Na gane me? Yarinya, shaƙuwa kike yi?"

Da rana ta take, Likita ya kashe komai na asibitinsa ya tafi cin abinci. Wayoyi suka mutu murus. Hajiya ta leƙo daga ofishinta.

"Hutun rana suke, ranki ya daɗe," in ji Angama. "Ƙa'ida ce. Na'ura ma tana da haƙƙi."

Da haka aka lallaɓa, kuma da Angama ya iya riƙe bakinsa da wataƙila an kai wani watan. Amma wata safiya suka haɗu da Likita a matakala, Likita yana ta ƙorafi.

"Maƙwabci, intanet ɗina ya zama kunkuru. Hoton haƙori ɗaya sai in yi ta jira kafin ya buɗe. Anya ba wani ke sha mini ba?"

Angama ya ji kalmar intanet, ƙirjinsa ya kumbura da kansa. "Haba Likita! Kai ma da sakaci. Ka manna lambar sirri a bango kamar kalanda? Ai mu ƙwararru kullum muke canza ta. Kuma ba a rubutawa. Sai wanda ya hau kujerarka, a raɗa masa a kunne. Mutanen yanzu ba su da tsoron Allah."

Likita ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Allah ya yi maka albarka. Yau ɗin nan zan fara."

Sai da Angama ya kai matakalar ƙarshe sannan abin da ya faɗa ya iso kunnensa. Ya tsaya ya dafa bango.

Tun daga ranar, kowace safiya Angama ne mara lafiya na farko. Aka wanke masa haƙora. Aka kankare. Aka cike wani ɗan rami. Aka ɗauki hoto. Aka goge har suna ɗaukar ido. Kowace rana Likita zai ƙwanƙwasa ruɓaɓɓen nan ya ce, "Wannan fa?" shi kuma ya ce, "Yana hutawa, Likita, kar a tashe shi." In an gama Nas ta sunkuyo ta raɗa masa lambar ranar, doguwa mai haɗe da manyan baƙaƙe da ƙanana. Ya sauko yana maimaitawa kamar mai hadda, ba ya amsa gaisuwar kowa.

Wata rana Direba ya tare shi a tsakiyar matakala. "Babban Jami'i, barka da asuba! Kai, wannan haƙora haka? Tallan man goge baki za ka shiga?"

"Babban ba, ƙaramin ja, tara... Direba, matsa!"

"Ja kuma? Ai farare ne tas."

Lambar ta zube daga kansa. Ya tsaya ya dubi Direba kamar zai yi kuka, ya juya ya koma sama, ya ce wa Nas wani haƙorin ya fara tsami.

Masu kiwo kuwa sun rasa gane kan kamfanin. Wasu suka je tsohon ofis suka tarar ana sayar da katifu. Wasu suka ɗauka an rufe. Ranar ƙyanƙyasa ta zo ta wuce, kwalaye da dama suka yi kwantai, sai da Direba ya yi ta yawo da su gida-gida. Hajiya ta kira Angama ta rufe ƙofa.

"Don darajar ƙanwata nake ɗaga maka ƙafa. Mutanen da na yi shekaru ina tarawa suna watsewa. Gaya mini gaskiya, abin nan yana aiki ko ba ya yi?"

Nan ne wurin da mai hankali zai sunkuyar da kai. Angama ya ɗaga nasa. "Yaya, matsalar ba ta na'ura ba ce, ta wayewa ce. Mutanen nan ba su iya kiran zamani ba. A tara su ranar ƙyanƙyasa mai zuwa, a yi bikin buɗewa, in nuna musu da idonsu. In waya ta yi ko tari a ranar, ki kore ni."

"Ka faɗa da bakinka."

Aka aika Direba ya bi manyan masu kiwo ɗaya-ɗaya ya gaya musu da baki, ya kuma kwatanta musu wurin. Angama ya sayo balan-balan. Ya samo wani ɗan tsani ya naɗe shi da kyalle mai sheƙi, ya jingina a kabad ɗin da babbar waya take, ya sa masa suna Dandamalin Kira.

Ranar biki mota ta iso da sassafe. Ofis ya cika da kujerun baƙi, don haka aka jibge kwalayen tsaki a baranda, a gindin matakala, hawa-hawa har sun kusa kai kafaɗa. Kukan tsaki ya cika ginin. Angama, cikin sabuwar kwat, ya raɓa ta gefensu ya hau sama.

Likita ya leƙa bakinsa ya daɗe. Sannan ya ajiye madubi.

"Maƙwabci, bakin nan babu sauran abin yi. Na wanke, na cike, na goge. Ko ni ban kai ka kyawun haƙora ba. Saura wannan ɗayan."

"A sake wankewa mana."

"In na sake, za su ƙare. Yau ko dai a cire shi, ko ka tashi ka ba na bayanka wuri."

Angama ya dubi Nas. "To a ɗan raɗa mini lambar in tafi."

"Wanda aka yi wa aiki ake raɗa wa," in ji ta. "Wani ƙwararre ne ya kafa dokar."

Daga ƙasa yana jin motocin baƙi suna tsayawa. Ya rufe ido ya ce a cire.

Likita ya ɗauko allura yana zuƙo magani. Angama ya ga tsinin, sai ya nemi zancen da zai ja lokaci.

"Likita, ya labarin ɓarawon intanet?"

"Kai dai bari. Kullum muna canzawa, kullum sai ya samu. Na rasa ta inda yake bi."

"Ai kama irinsu ba wuya," in ji Angama, idonsa a kan allurar, bakinsa na tafiya shi kaɗai. "Ka bari sai hantsi, lokacin da yake tsakiyar sha. Ka zare na'urar daga wuta, ka tsaya a bakin ƙofa. Duk wanda ka ga ya hawo a guje, to ka riƙe shi. Sannan akwai wata hanyar ta biyu, mai tsawo, bari in yi maka bayaninta tun daga..."

"Buɗe baki."

Abin da ya biyo baya, masu jira a waje sun ji shi, har wata mata ta ɗauki jakarta ta ce ta warke. Aka cusa masa auduga, Nas ta raɗa masa lamba. Ya sauko da rabin fuska a mace, leɓe ya zazzago, ya bi kabad-kabad yana zuba lambar. Allah ya taimake shi bai manta ba. Alluna suka yi kore.

Ofis ya cika. Baba Mai Kiwo yana gaba, sanda a tsakanin ƙafafu, fuska a murtuke. Hajiya ta yi maraba da baƙi, ta nemi afuwar abin da ya faru, sannan ta ce Babban Jami'in Fasaha zai yi jawabi.

Angama ya fito ya buɗe hannuwa. "Ashalamu alaikum. Yau wana she ta tawihi."

"Me ya ce?" in ji Baba Mai Kiwo.

"Ya ce yau rana ce ta tarihi," in ji Sakatariya.

"To me ya cusa a kumatu?"

"Fashaha," in ji Angama, yawu na bin haɓarsa.

Hajiya ta yi maza ta karɓe. Ta roƙi ɗaya daga cikin baƙin ya fita bakin titi ya kira lambar kamfani. Jim kaɗan babbar waya ta ɗauki ƙara daga saman kabad. Hajiya ta dubi tsanin, ta dubi Angama, ta tattare zaninta ta hau, baƙi na kallo. Ta danna maɓallin da zai sa kowa ya ji.

"Alo, Hajiya, kina jina?"

Murya ta fito tas, kamar mutumin yana cikin ɗakin. Tunda aka sayo wayoyin ba su taɓa yin haka ba. Aka ɗauki tafi. Baba Mai Kiwo ma ya gyaɗa kai. Angama ya rusuna dama, ya rusuna hagu, ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa.

"Ina jin ka sarai," in ji Hajiya, fuskarta ta saki. "Yanzu duk mai son tsaki, ko daga ina..."

Ɗif. Alluna suka koma ja gaba ɗaya.

"Alo? Alo?" Hajiya ta juyo daga saman tsani. "Angama?"

Kansa bai yi shawara da kowa ba, ƙafafunsa ne suka yanke hukunci. Ya ture kujera, ya fita a guje, ya sha kwana a baranda, ya yi karo da jibgin kwalaye. Na sama suka zubo, murafe suka buɗe, tsaki suka bazu kamar an zubar da ruwan ɗorawa. Bai tsaya ba. Ya haye matakala da tsalle-tsalle, tsako ɗaya maƙale a aljihun kwat, yana ihu, "Likika! A kunna! A kunna!"

A saman matakala Likita na tsaye, igiyar na'ura a hannunsa. Nas na gefensa ta harɗe hannu. Marasa lafiya sun leƙo ta bayansu, kowa dafe da kumatu.

Angama ya ja birki.

"Ikon Allah," in ji Likita a hankali. "Maƙwabci, dabararka ta yi aiki."

Ta bayansa baƙi suka biyo, suna ɗaga ƙafa suna tsallake tsaki, Hajiya a gaba, mayafi ya zame. Direba da Mai Shara suna ƙasa suna kamun tsaki da hula da bokiti.

"Me ke faruwa a nan?" in ji Hajiya.

"Hajiya, ɓarawon intanet nake nema," in ji Likita. "Wannan bawan Allah ya ce in zare in ga wanda zai hawo a guje."

"Ɓarawon me? Mu da muke da namu intanet?"

Kowa ya zuba wa Angama ido. Ya buɗe baki, audugar ta leƙo.

"Wanki ya daye, haying gwiwa ne. Shakanin kamfanoni."

"Ya ce haɗin gwiwa ne tsakanin kamfanoni," in ji Sakatariya. "Sai dai ɗaya kamfanin bai sani ba."

"Ba haka na she ba!"

"Ya ce haka ne."

Nas ta tafa hannu. "Shi ya sa! Ni ina ta mamaki, mutum kullum yana asibiti kamar ya haɗa dangi da mu. Ashe ba haƙori ke kawo shi ba."

"Wato," Hajiya ta matso, muryarta ta yi ƙasa, "duk kwanakin nan kamfanina a rataye yake a bakinka?"

Baba Mai Kiwo ya iso ƙarshe yana haki, ya dogara sanda, ya ƙare wa Angama kallo. "Yaro, haƙora nawa suka rage maka?"

Angama ya kau da kai.

"A'a, tambaya nake. Ina so in san ko kamfanin zai kai baɗi."

Dariya ta fashe tun daga saman bene har baranda. Wani mara lafiya ya yi dariya har ya saki ƙara ya riƙe muƙamuƙi. Hajiya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ba Likita haƙuri a gaban kowa, ta roƙe shi ya mayar da igiyar zuwa yamma don darajar maƙwabtaka, ta ce gobe ƙwararru za su zo. Sannan ta miƙa hannu ta zare tsakon da ke aljihun Angama, ta duba ko ya ji ciwo, ta juya ta sauka.

Baƙi suka ɗauki kwalayen da ba su faɗi ba. Waɗanda suka zube kuwa, na ƙwai da na nama sun cakuɗe, babu mai iya rabewa, babu kuma mai son saye.

Da la'asar Angama ya isa gida, allura ta sake shi, kumatu ya yi suntum. Tun daga bakin layi ya hango motar kamfani a ƙofarsa, maƙwabta sun yi cincirindo. Direba na sauke kwali na ƙarshe.

Matarsa na tsaye a tsakiyar falo, kwalaye sun kewaye ta, kuka ya cika gidan har ba a jin kiran yara.

"Yaya ta aiko," ta ce. "Ta ce tunda kai ka zubar, kai za ka raina. Ta ce kar ta ga ƙafarka a ofis sai sun yi fiffike. Baban yara, ina za mu sa su? A ɗakin kwana?"

Angama ya dubi kwalayen. Ya dubi matarsa. Sannan ya dubi taga, inda kawunan maƙwabta suka jeru. Mai shagon kusa da su ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, lafiya? Ko korar ka aka yi?"

Angama ya gyara kwat ɗinsa, ya fito bakin ƙofa, ya dafa kumburarren kumatu da hannu ɗaya, ya nuna falon da ɗayan.

"Kora? Ƙarin girma dai. Sabon reshe aka buɗe, aka rasa wanda zai iya riƙe shi sai ni." Ya juya ciki ya ɗaga murya. "Maman yara, kwashe kujerun nan, ma'aikata za su sha ruwa."